Abin da wata a-kori-kura mai ciwo biyu ta koya mini

Ina shekarata ta uku a gareji aka kawo mana wata a-kori-kura mai injin fetur, silinda 8. Mai ita ya ce abu biyu ke damunsa. Injin yana wata ƙara kas-kas-kas kamar keken ɗinki, sannan wani lokaci motar tana misin, wato wata silinda ba ta kama wuta, ta yi ta fizga kamar za ta mutu, can kuma sai ta warware. Muka tayar da ita a gabansa, ta yi lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

Maigidana ba ya nan ranar. Na jona na'urar duba kwamfutar mota, ta nuna P0300, lambar da ke nufin ana samun misin amma kwamfutar ba ta tsayar da silinda guda ba. Na kwance fulogi takwas na sa sababbi, na goge lambar, na miƙa masa makulli. Bayan kwana 9 ya dawo da ita.

Har yau goge lambar nan ne ya fi damuna. Motocin da ke bin tsarin OBD-II na gano matsalar mota ta kwamfuta, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, idan suka ajiye lamba suna ajiye ta tare da yanayin da injin yake ciki a daidai lokacin: saurin juyawarsa, zafinsa, gudun motar da nauyin da take ja. Ga ciwon da ke zuwa ya tafi, wannan shi ne shaidan gani da ido. Na share shi ban karanta ba.

Da ta dawo sai na yanke cewa tafet ne, wato ɗan ƙarfen da ke tura bawul ya buɗe. Tunanin yana da madafa, domin tafet ɗin da ya saki ba ya buɗe bawul yadda ya kamata, sai ya ba ka ƙara ya kuma ba ka misin. Na ce wa maigida, "Oga, tafet ne, sai an buɗe inji." Bai ce mini e ko a'a ba, ya juya wajen mai motar.

"Malam, yaushe kake jin ƙarar?"

"Da sassafe, idan na tayar da ita. Minti uku ko huɗu sai ta ɓace."

"Fizgar fa?"

"Sai na yi tafiya mai nisa, musamman da kaya, a kan hawa."

"Ka taɓa jin su tare?"

Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa ba. Maigida ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ɗaya da sanyi take zuwa, ɗaya da zafi. Kai ne ka haɗa su, motar ba ta haɗa su ba." Tambaya uku ke nan, kuma ni ma ina da damar yin su tun ranar farko.

Muka roƙi mai motar ya bar ta ta kwana. Washegari, injin na sanyi ƙalau, na tayar da ita, ga ƙarar nan kuwa. A nan maigida ya koya mini sauraro. A injin da ke aiki da bugu huɗu, kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana juyawa rabin saurin kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, don haka idan injin yana juyi 600 a minti, duk abin da ya shafi bawul ɗin silinda guda zai buga sau 5 a daƙiƙa. Namu haka yake bugawa. Sai dai hayaƙin da ke tsiyaya daga bakin silinda guda shi ma da wannan lissafin yake fita, kuma tafet ma yakan yi ƙara da safe kafin baƙin mai ya hau. Ƙidaya da lokaci ba su raba gardama ba, sai wurin da ƙarar take fitowa. Na ɗora dogon sukurdireba a kan murfin bawul, na kafa kunne a mariƙinsa, na bi ɓangarorin injin biyu, sautin duk ɗaya ne. Sai ya ba ni guntun tiyo, na sa baki ɗaya a kunne, ɗaya bakin ina yawo da shi a gefen manifol, bututun da ke kwashe hayaƙi daga bakin silindoji. Ina kaiwa can ƙarshe ta baya ƙarar ta cika mini kunne. Muka haska tocila, ga baƙin zanen hayaƙi a jikin kan injin, ga kuma kan ƙusar ƙarshe da ke riƙe manifol babu, ta karye. Manifol kullum cikin zafi da hucewa yake, yana miƙewa yana komawa, har ya ɗan lanƙwashe ya tsinke ƙusar da ke ƙarshe. Idan ya yi zafi ƙarfen ya miƙe sai ya toshe kafar da kansa, shi ya sa ƙarar take ɓacewa.

Misin ɗin ya fi ba mu wahala, don ba ya zuwa a tsaye. Muka loda mata kaya, maigida yana tuƙi, ni ina riƙe da na'ura ina kallon ƙidayar misin na kowace silinda. Kusan minti 40 babu komai. Muna fara hawa ya taka totur, fitilar inji ta kama ƙiftawa, ƙidayar silinda ta 5 ta yi ta hawa. Ƙiftawar nan gargaɗi ce babba: ɗanyen fetur yana wucewa zuwa katalitik, matatar hayaƙi da ke jikin salansa, kuma yana iya narkar da cikinta. Dalilin da ya sa sai a kan hawa kuwa shi ne, idan an taka totur da nauyi matsin da ke cikin silinda yana ƙaruwa, wuta tana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ta tsallaka bakin fulogi. Idan ta samu wata hanya mai sauƙi, ita za ta bi.

Ban sayi komai ba a wannan karon. Na ɗauke kwayil ɗin silinda ta 5, wanda ke ba fulogi wuta, da robarsa da ke rufe fulogin na kai ta 2, na kawo na ta 2 nan, muka koma hawan. Misin ya bayyana a 2, amma bai bar 5 gaba ɗaya ba. Wannan ya ɗaure mini kai, sai da na zaro fulogin 5 na duba farin jikinsa. Akwai wani siririn baƙin layi daga sama zuwa ƙasa, kamar an ja fensir, kuma ba ya gogewa. Cikin robar kwayil ɗin ma ga irinsa. Wuta ce ta ƙona wa kanta hanya ta waje. Na sa sabon fulogi a cikin tsohuwar roba mai wannan layin, ita kuma ta sake zana shi a jikin sabon, shi ya sa gyarana bai wuce kwana 9 ba. Muka canza robar da fulogin 5 da na 2 a lokaci guda, muka fitar da karyayyar ƙusar muka sa sabon gaskit, sannan muka sake bin hawan nan da kayan nan sau biyu kafin mu kira mai mota.

Tun daga lokacin, idan na kwance fulogi ina jera su a kan kwali, kowanne da lambar silindarsa, kuma ba na goge lamba sai na kwafe duk abin da ke tare da ita a takarda. Da yamman nan na je bokitin da muke zuba tsofaffin kaya na tono fulogin da na cire ranar farko. Bakwai lafiyarsu ƙalau. Na takwas yana ɗauke da baƙin layin nan, a fili, a daidai inda yatsana ya riƙe shi lokacin da na jefa shi ciki.