Bayan sadakar arba'in ne aikin yake farawa

Kuskuren da ya fi cin masu aikin ba da shawara ga masu baƙin ciki da damuwa a Kano shi ne sallamar mutum tun yana tsakiyar jama'a. Mace ta rasa miji, an kawo ta a sati na biyu, gida cike da 'yan gaisuwa, kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta. Ka tambaye ta, ta ce alhamdu lillahi, ta rungumi ƙaddara. Ka rubuta ta samu sauƙi, ka rufe fayil. To an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, kowa ya kama gabansa, ita kuwa takaba wata huɗu da kwana goma ce. Saura kusan kwana 90 tana ɗaki. A nan ne rigimar gado ke tasowa, mai gidan haya ya aiko, makaranta ta koro yara. Ranar da ta fi bukatarmu, mun riga mun sallame ta.

Don haka zama uku ne mafi ƙaranci: ɗaya a farko, ɗaya a satin da ya biyo bayan arba'in, ɗaya dab da fita takaba. Tunda ba yawan fita take ba, ma'aikaciya mace ta je gidan, ko a kira ta a wayarta, ba ta ƙanin miji ba.

"Yaya haƙuri?" gaisuwa ce, amsarta kuma "da godiya". Ba ta buɗe komai. Tambayi barci: ƙarfe nawa take kwanciya, ƙarfe nawa take farkawa. Tambayi sau nawa ta ci abinci jiya, da wa ta yi hira. Mutanenmu da jiki suke kawo damuwa, ƙirji ya yi nauyi, kai na zafi, ko a ce olsa ce ta tashi. Baƙin cikin rashi yakan zo ya lafa. Ciwon damuwa kuwa yini yake ya kwana, sama da sati biyu, har mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani.

Takardar PHQ-9, wadda ake auna ciwon damuwa da ita, tambaya tara ce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla 27, daga 10 zuwa sama a haɗa mutum da likita. Ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa, ita ake tsallakewa don kunya. Kada ka tsallake. Ka ce, "Hajiya, akwai ranar da kika ji gara ma ki bi shi?" Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi. In ta ce e, ka ji ko ta tsara yadda za ta yi, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera daga gidan, kada ta kwana ita kaɗai, a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano a ranar. Ka tuna dokar Penal Code ta mai da yunƙurin kashe kai laifi, ga tsoron a ce imani ya yi rauni, shi ya sa ake ɓoyewa.

Duk wannan ba ya yiwuwa a minti goma. Zaman farko yana cin minti 45 ko fiye. Ogan da yake auna aiki da yawan sunayen da ke rajista zai ce ba ka da sauri, kuma in abu ya lalace sa hannunka ne a fayil, ba nasa ba.

Ba mutuwa kaɗai ce rashi ba. Ɗan kasuwar da gobara ta cinye wa shago, irin ta Sabon Gari a 2016, kada ka fara masa da maganar zuciya. Ɗauko takarda ku jera bashi, wa zai iya jira, wa ba zai iya ba. A tsakiyar lissafin yake fashewa da kuka.

Kada ka yi faɗa da malamin da ke yi wa mutum ruƙiyya, ka nemi a haɗa da magani. Maganin damuwa sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, ka faɗa tun ranar farko, in ba haka ba a kwana na biyar za a ajiye shi. Ka tambaya ko mutum yana shan ƙwayar barcin da ake saya a kemis. Mai jego kuma, ka sallami uwar miji waje kafin ka tambaye ta komai.