Ranar da na koya wa bod zaman baƙunta

Laraba, bayan isha.

Tun ƙarfe bakwai da rabi yau ina ofis, abin da ban saba ba. Jiya da yamma ne Oga ya tsaya a kaina ya ce, "Injiniya, kafin damina ta faɗi ina so a daina buɗe akwatunan nan." Kuma yana da gaskiya. Na'urorinmu da ke maƙale a jikin famfunan sola a ƙauyuka, masu ƙirga ruwan da aka jawo da ƙarfin batir, duk sanda za a sabunta musu manhaja sai an kwance kusoshi, an soka memori, an danne maɓalli, sannan a mayar da murfi. Kowace buɗewa robar bakin akwatin sai ta ƙara saki. Bara guda biyu ruwa ya shiga ya cinye. Alhali ga ƙaramar ƙofar USB nan a gefen akwatin, da murfinta na roba, tana zaman banza. Aikina na yau shi ne in sa mai gyara ya soka kebul daga laftof kawai ya yi wa na'ura filashin, kamar yadda masu gyaran waya ke yi a kasuwa.

Bod ɗinmu, wato allon lantarkin da ke cikin akwatin, an zana shi ne bisa tsarin BeagleBone Black, da AM3358 na kamfanin Texas Instruments a tsakiya, da ma'ajiyar eMMC mai gigabait 4. In aka ba shi wuta, ba Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da shi, ne ke fara farkawa ba. Akwai ɗan shirin da aka ƙona a cikin cif ɗin tun daga masana'anta, shi ke neman fayil mai suna MLO. MLO ya tashi babbar ƙwaƙwalwar DDR, ya ɗauko U-Boot, shi kuma U-Boot ya tashi Linux. Kamar tashin gida ne da asuba, wannan ya tashi wancan. To a matakin U-Boot nake son ƙofar ta yi aiki, domin ranar da Linux ya lalace ita ce ranar da aka fi bukatar filashin.

Na haɗa kebul ɗin siriyal, wanda ta cikinsa nake ba bod umarni daga laftof, na tsayar da ƙirgen U-Boot, na rubuta ums 0 mmc 1, umarnin da ke nuna wa laftof ma'ajiyar bod kamar filash. Ya ce mini bai san wani umarni mai suna ums ba, in nemi taimako. Ban yi mamaki ba. Wanda ya riƙe aikin kafin ni ya rage fayil ɗin saiti ƙwarai don bod ya riƙa tashi da wuri, duk abin da bai ga amfaninsa ba ya cire. Ban ga laifinsa ba, a lokacin babu mai maganar USB.

Yaron da ke IT, wato horon sanin makamar aiki, a wajenmu ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Yallaɓai, ai na ga ana soka filash a bod ɗin yana karantawa, me ya sa za a ce babu USB?" Tambayar ta yi mini daɗi, don a nan duk maganar take. A USB babu zaman daidai wa daida. Ɗaya maigida ne, ɗaya baƙo. Maigida ke ba da wutar bolt 5, shi ke fara magana, shi ke tambayar wane ne kai, me ka zo da shi. Baƙo ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. Sanda bod ke karanta filash, shi ne maigida. Yau so nake ya sauko daga kujera ya zama baƙo a gidan laftof, ya yi sallama, ya jira a amsa. Iya sallamar tasa kuwa, ya ɗaga layin D+ da ɗan rezisto mai om 1,500, maigida ya ji layin ya tashi ya san an yi baƙo. Daga nan sai su yi 'yar musayar sigina su amince su hau gudun USB 2.0, megabit 480 a daƙiƙa. Yaron ya gyaɗa kai. Ban sani ba ko ya gane ne ko kunya ce.

Na shiga menuconfig, inda ake zaɓen abin da za a sa a U-Boot, na kunna USB_GADGET, da USB_MUSB_GADGET wanda shi ne direban injin USB ɗin da ke cikin wannan cif, da USB_GADGET_DOWNLOAD, da CMD_USB_MASS_STORAGE. Garin sauri hannuna ya kunna har da irinsu na ɓangaren MLO. Harhaɗawa ta tsaya, wai ma'ajiyar sram ta cika ta tumbatsa. Dole. MLO a 'yar ƙwaƙwalwar cikin cif yake zama tun kafin DDR ta farka, kuma bai halatta ya wuce kilobait 109 ba. Na kashe su, ta wuce. Wannan karon ban manta da savedefconfig, umarnin adana saiti, ba, saboda wata biyu da suka wuce na yi asarar aikin yini guda a kan haka.

Na sake gwadawa. Yanzu ya san ums, amma ya ce ya kasa tayar da injin USB. Na buɗe fayil ɗin bishiyar na'urori, wanda ke gaya wa manhaja abin da ke kan bod, na ga usb0, wato ƙofar nan tamu, an rubuta masa dr_mode a matsayin host. Wato an riga an naɗa shi maigida a rubuce, ta ina zai yarda ya yi baƙunta? Na mayar da shi peripheral, na harhaɗa, na kwafa, na kunna. Saƙon bai canza ba ko da harafi ɗaya. Na yi kusan minti arba'in ina zargin komai, kafin na lura cewa fayil ɗin Linux na gyara. U-Boot yana da nasa kwafin a arch/arm/dts, sunansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, amma gidansu daban. Na gyara na gaskiyan. Sai ga layin UMS ya fito da adadin sassan ma'ajiya, ga 'yar sandar nan tana juyawa a ƙasa alamar tana jiran maigida.

Laftof kuwa shiru. Na bar dmesg, inda laftof ke rubuta duk abin da aka soka mata, a buɗe, ko layi ɗaya bai ƙaru ba.

Daidai nan aka ɗauke wuta, aka kira azahar, na ce to ai shi ke nan. Muka yi salla, na ci shinkafa da wake a wajen matar da ke bakin layi, raina yana kan bod. Da muka dawo inbata ta ɗauka, na koma kai.

Awa biyun da suka biyo baya ba na alfahari da su. Na karanta direban MUSB, manhajar da ke sarrafa injin USB ɗin, layi bayan layi. Na zuba saƙonnin bincike a ciki har fuskar kwamfuta ta cika da surutu. Na auna ƙafar VBUS, wato ta wuta, da mita na ga bolt 5 cif, na ce to kebul lafiya yake, matsalar a manhaja take. Na fara zargin agogon PHY, ɓangaren cif da ke tura sigina kan waya, na fara zargin wanda ya zana bod, har na fara tsara yadda zan gaya wa Oga cewa sai an sake bugo wani. Sau biyu yaron nan yana cewa, "Yallaɓai, ko a canza kebul?" Na farko ban amsa ba. Na biyu na ce masa, "Ba ka ga na auna ba?" Ya yi shiru. Can bayan la'asar ya ce, cikin ladabi, "Yallaɓai, wannan fa kebul ɗin 'yar rediyon maigadi ne, ni na aro shi da safe da ka ce in nemo mai irin wannan bakin."

Na dube shi, na dubi kebul. Irin rediyon nan ce mai memori da ake sauraron karatu da ita, cajinta da bakin mini-USB. Na auna daga baki zuwa baki: ƙafar wuta ta yi ƙara, ta ƙasa ta yi ƙara, biyun tsakiya ko ƙyas. Kebul na ƙwarai wayoyi huɗu ne a cikinsa, ja da baƙi na wuta, fari da kore na magana. Wannan biyu kawai aka sa masa, don caji aka yi shi. Tun azahar bod ɗina yake ta sallama a ƙofar da babu kowa a bayanta. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to yau yaro daga kan kujerar roba ya hango, babba yana can cikin direba. Na ce masa ya yi haƙuri da amsar da na ba shi ɗazu. Ya ce, "Haba Yallaɓai, ba komai." Amma na ga murmushin da yake ɓoyewa.

Na tono tsohon kebul na wata kyamara a ƙasan durowa. Ina sokawa dmesg ya zubo: sabuwar na'ura mai babban gudu, ga sabon faifai. lsusb, umarnin da ke jero na'urorin USB, ya nuna lambar shaidar bod, 0451:d022. Lambar farko ta Texas Instruments ce, tana cikin saitin da muka gada daga bod ɗin gwajinsu. A kan tebur ba laifi, amma bai dace mu fita da kaya kasuwa da sunan wani ba. Lambar kamfani a wajen ƙungiyar USB-IF ake sayenta da dubban daloli. Akwai pid.codes da ke raba lambobi kyauta a ƙarƙashin 1209, sai dai ga waɗanda suka buɗe zanensu da manhajarsu ga kowa ne, Oga kuwa ko sunan wannan maganar ba ya son ji. Na rubuta a takarda na manna masa a tebur. Wannan ciwon kansa ne, ba nawa ba.

Murna ba ta daɗe ba. Na ce wa yaron ya gwada da tasa laftof ɗin mai Windows, tunda irinta masu gyaranmu ke riƙewa. Yana sokawa sai ga taga ta faɗo tana cewa sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, domin Windows ba ta karanta ext4, tsarin da Linux ke ajiye fayiloli da shi. Na ga linzaminsa ya nufi wajen amincewa, na kama hannunsa. Da ya danna, da komai ya tafi. Shi da yake zaune kusa da ni ke nan. Ina ga mai gyaran da ke tsaye a rana, kan tsani, mutanen gari sun kewaye shi da jarkoki suna jiran ruwa? A nan na yanke shawara: ums na teburina ne. Yana miƙa wa maigida ɗakin gaba ɗaya da makulli, kuma ba kowane maigida ne ya san abin da bai kamata ya taɓa ba.

Na juya ga DFU. Shi tsari ne da aka yi musamman don sabunta manhajar na'ura, kuma kyansa shi ne ni ke rubuta jerin wuraren da aka yarda a taɓa, a cikin dfu_alt_info, kowanne da sunansa da iyakarsa. Na kunna CMD_DFU da DFU_MMC. A gwajin farko na sa har da MLO, a sashe na 0x100, wato 256 sau bait 512, kilobait 128 daga farkon ma'ajiya, ɗaya daga wurare huɗu da shirin cikin cif ke leƙawa. U-Boot kuma a 0x300. dfu-util, manhajar da ke tura fayil daga laftof, ya fara ƙin buɗe na'urar saboda izini, na sa masa sudo mai ba da cikakken izini, ya jero sunayen tsaf. Na tura sabon fayil, na kashe na kunna, bod ya tashi. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mai lissafin kuɗinmu ta leƙo daga ɗaya ɗakin.

Oga ya shigo wajen biyar da rabi, na nuna masa. Ya ji daɗi, sai ya ce a bar jerin yadda yake, masu gyara su iya sabunta komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, a'a." DFU ɗin nan a cikin U-Boot yake zaune. In batirin laftof ya mutu ana tsakiyar rubuta MLO ko U-Boot, wanda zai karɓi gyaran shi ne ya mutu. Gaskiya ne shirin cikin cif yana iya tashi ta USB da kansa, amma ta hanyar RNDIS yake yi, yana shigar katin sadarwa yana neman fayil ta BOOTP da TFTP. Wannan ba aikin kan tsani ba ne. Na ce a ba su ɓangaren Linux da na manhajarmu kawai, U-Boot in ya zama dole a kawo akwatin ofis. Ya yi jim, ya ce za mu ƙarasa maganar gobe. Na san wannan "gobe" ɗin, rabin amincewa ce.

Kafin mu tashi yaron ya tambaye ni me U-Boot ke nufi. Na gaya masa wani Bajamushe ne, Wolfgang Denk, ya jagoranci aikin, a da sunansa PPCBoot, a 2002 aka canza. Cikakken sunan Das U-Boot, wasa da kalma ne, don a Jamusanci haka ake kiran jirgin ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Ya ce ya dace, tunda ba a ganinsa sai abu ya ɓaci. Na ce ya rubuta wannan a littafin rahotonsa.

Saura abu biyu. Har yanzu sai da siriyal nake shiga DFU, ke nan sai an buɗe akwatin, abin da ake gudu tun farko. Gobe zan sa U-Boot ya duba maɓallin waje lokacin tashi, in a danne yake ya tsaya ya jira kebul. Sannan Windows tana bukatar direban WinUSB kafin dfu-util ya ga na'urar, sai na zauna da Zadig, manhajar da ke girka direban, na rubuta wa masu gyara matakan da Hausa, da hotuna.

Da zan fita maigadi ya tare ni a ƙofa. "Injiniya, wayar rediyona fa? Tun safe ba caji, ga shi an kusa fara labaran yamma." Na koma sama da gudu na ɗauko masa. Na kyamarar kuwa na naɗa masa jan salatif, na kulle shi a durowata.