Na sayar da 700D na sayi 5D, lensina uku suka ƙi hawa

Duk mai ɗaukar hoton biki a garin nan na Kano ya san wannan ciwon na son canza kamara. Kana aikinka lafiya lau da 'yar kamararka, ana kiranka suna da walima da kamu, kana samun na cefane har ka ɗan ajiye, sai wata rana ka je dina ka tarar da wani yaro da bai kai ka daɗewa a harkar ba ya ratayo ƙatuwar kamara da lensi mai jan zobe, ƙawayen amarya duk sun juya wajensa suna gyara ɗaurin ɗankwali. Daga ranar barcinka ya ragu. Ka koma gida ka kwanta da waya kana kallon turawan YouTube suna gwada kamarori, wannan ya ce ful firem, wato mai babbar sensa (farantin da haske ke faɗawa a cikin kamara ya zama hoto), ita ce ta ƙwararru, wancan ya ce in ba ka koma sabuwar ƙirar da ba ta da madubi a ciki ba an bar ka a baya, datarka na ƙarewa zuciyarka na ƙara hawa.

Ni da Canon 700D na fara, ta hannu ce, samfurin 2013, megafiksel 18. Lensina huɗu ne. Akwai 18-55 da ya zo da ita, akwai 55-250 da nake zuwa Hawan Daushe da shi in tsaya nesa da ƙafar doki, akwai 10-18 mai faɗi wanda shi ne abokin aikina a ɗakin amarya, daga bakin ƙofa zan ɗauko gado da kujeru da jere gaba ɗaya, sai kuma ɗan 50mm 1.8 na hoton fuska. Da waɗannan na biya haya na shekaru, babu wanda ya taɓa dawo min da albam ya ce bai yi ba.

Amma 5D Mark IV, ful firem ɗin Canon, ta shiga raina ta zauna. Lokacin da ta fito a 2016 dala 3,499 ake sayar da ita, to ka ga ba ta irinmu ba ce a lokacin, sai da manya suka fara komawa marasa madubi irin R5 da R6 suna sakin nasu sannan ta hannu ta fara saukowa. Ƙarshen 2023 kuma dala ta riga ta haura naira dubu a kasuwar canji ta Wapa, kullum ka tambayi kaya sai a ce jiya ba haka yake ba, kowa na ce min in ban saya yanzu ba shikenan. Sai kwasar adashina ta zo, na haɗa da abin da na tara, bai kai ba, na ɗauki jikin 700D da batiranta na kai titin Beirut na sayar, na riƙe lensina huɗu a jaka. Wani dila a Legas ya turo min bidiyon kamarar, tsaf da ita, na tambaye shi da bakina ko lensin Canon da nake da su za su hau, ya ce min ai duk Canon ne. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci, domin mutumin da sana'arsa kenan ba zai ce bai sani ba.

Aka saƙo ta a mota, na je tashar manyan motoci a Sabon Gari na karɓa, na dawo gida da hantsi na shimfiɗa darduma na buɗe kwalin. Na ɗauko 10-18 na kai bakin kamarar ina neman farin ɗigon nan mai kusurwa huɗu da nake daidaitawa da shi a 700D, babu shi, jan ɗigo kaɗai ne a jikinta. Na juya, na sake juyawa, lensi ya ƙi zama. Na gwada 18-55, haka. Na gwada 55-250, haka. 50mm ne kaɗai ya shiga ya yi ƙas.

Ga wanda bai sani ba, kuma na rantse da yawa a cikinmu ba su sani ba sai ya faru da su, Canon mai madubi tana da lensi iri biyu. Akwai EF, shi yana hawa kowacce. Akwai EF-S, shi don ƙananan kamarori masu ƙaramar sensa aka yi shi, irin su 600D da 700D da 80D, gindinsa ya ɗan shigo ciki, to madubin ful firem babba ne, in da zai shiga sai madubin ya buge shi, shi ya sa aka ƙera shi yadda ba zai hau ba ma sam. Rubutun yana nan ɓaro-ɓaro a jikin lensin, EF-S, shekaru ina kallonsa ban taɓa tambayar me S ɗin take nufi ba. Na wayi gari da doki ba sirdi ba linzami, ga shi Juma'a ina da kamu, Asabar dina, an riga an ba ni kafin alƙalami.

Kuma ba lensin kaɗai ba ne. Batirin 700D LP-E8 ne, na 5D LP-E6N, ɗaya tal dilan ya saka min. 5D ba ta da ɗan filashin nan na kai da yake ɗagowa, wanda da shi nake kunna filashina na waje ba waya, to yanzu sai na nemi abin kunnawa daban. Gurbin memori biyu ne, ɗaya SD ɗaya CF, ni kuwa ko CF ɗaya ba ni da shi balle abin karanta shi. Hoto ɗaya na RAW, wato ɗanyen hoton da ba a gyara ba, kuma ya fi megabait 30, tsohuwar kwamfutata in na zuba mata aikin biki ɗaya a manhajar gyaran hoto ta Lightroom sai fankarta ta dinga kuka, aikin da nake gamawa a dare ɗaya ya koma sai an yi ta kirana ana ina hotunanmu. Duk wannan babu wanda ya lissafa min a YouTube, su jikin kamara kawai suke nunawa a kan tebur mai tsafta.

Kamun nan a cikin gari aka yi shi, wajen Mandawari, gidan gado ne irin mai soro da ƙaramin tsakar gida. Da 50mm na je shi kaɗai. Hoton amarya ita kaɗai kam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, bayanta ya narke, lallen hannunta ya fito zane-zane. Sai aka zo hoton dangi a ɗaki, gwaggonni da ƙannen uwa da ƙawaye sun cika shi, na ja baya na ja baya har gadon bayana ya manne da bango, mutum shida kawai nake gani a ciki. Wata Hajiya, yayar uwar amarya, ta ce ɗan nan ka ɗauke mu gaba ɗaya mana, ko kamarar ce ba ta da kyau? Na ce Hajiya ku yi haƙuri mu kasu kashi-kashi, ta ce a'a, mu tare muka zo tare za a ɗauke mu. Ƙarshe wata yarinya ce ta ciro wayarta ta tsaya a gefena ta ɗauke su duka, ni ina riƙe da kamarar da na zuba adashina a kai. Da 10-18 ɗina ne a kan tsohuwar 700D, ko motsawa ba zan yi ba.

Daren nan na wuce titin gidan zu wajen ogana da ya koya min aiki. Na ce Oga don Allah ka ara min lensinka 24-105 zuwa Lahadi. Ya karɓi kamarar ya jujjuya ta ya ce kamara ce mai kyau, amma wa ya aike ka ka sayar da waccan? Ya ce da ka zo ka tambaye ni da na ce ka riƙe ta ka sayi wuta, wato babban filashi. Ya ba ni lensin, ya ƙara min da filashinsa Godox AD200 da lemar da ke tausasa haskensa, ya ce in samu yaro ya riƙe min, in sa ta gefe sama da kan amarya kaɗan, kar in harba ta a fuska kai tsaye.

A dinar ne na ga abin da yake nufi. Kun san yadda ɗakunan taronmu suke yanzu, masu kwalliyar waje sun zuba fitilu shuɗi da shanshanbale ta ko'ina, ga hayaƙi, ga DJ da nasa fitilun masu juyawa. Na fara ɗauka ba wuta don in ga ƙarfin ful firem ɗin da ake ta faɗa, na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kamarar, sama, eh hoton bai yi yashi kamar na 700D ba, wannan gaskiya ne, amma fuskar amarya shuɗiya ce, hodar da mai kwalliya ta ɓata awanni tana yi ta koma toka-toka. Sensa komai girmanta abin da ya faɗo kan fuska shi za ta ɗauka. Da yaron ya ɗaga lemar na harba, sai ga fata ta dawo kalarta, sai ga ɗuwatsun rigar suna walƙiya, idanu sun kawo haske. Na tsaya ina kallon bayan kamarar ina lissafi, wutar nan da lemar da abin kunnawa ko kusa da kuɗin 5D ba su kai ba, kuma a kan 700D ma haka za su yi aiki, da lensina huɗu a jaka.

Sai kuma ka duba inda hotunan suke ƙarewa. Amarya za ta ce a turo mata ta WhatsApp, in ba a matsayin dokumen ka tura ba sai ya matse shi, daga nan a ɗora a sitatus ya ƙara matsewa, masu sa wa a Instagram kuma shekara da shekaru faɗin fiksel 1080 ake nuna musu. Hoton 700D fiksel 5184 ne a faɗi, na 5D 6720, duka biyun sun ninka abin da wayar take nunawa sau da yawa. Ko bugawa za a yi, megafiksel 18 tana ba ka kusan inci 17 a 11 tas-tas, ya ishe ka albam ya ishe ka firem ɗin falo. Tunda na canja babu uwar amarya ɗaya da ta ce min hoton bana ya fi na bara yawan fiksel. Abin da suke cewa shi ne ka fito da ita fes, ko kuma ka sa ta yi duhu, ko ina hoton kakarta.

Lensina uku dole na sayar da su don in haɗa kuɗin 24-105 na kaina, ba zan yi ta aron na Oga ba ga bukukuwan kafin azumi sun taso. Kuma kasuwa in ta gane kana cikin matsi ba ta da tausayi, a wulaƙance aka saye su. Kafin in gama haɗawa farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500, lensin da aka yi min kuɗinsa a Disamba ya yi gaba ya bar ni, sai da na ci bashin yayana na cike, ga zubin adashin da na riga na kwasa yana jirana duk wata. Watannin nan duk abin da na samu a biki ba nawa ba ne.

Ba ina cewa 5D ba ta da amfani ba ne, kar a fahimce ni a baibai. Memori biyun nan kaɗai abin so ne, kowane hoto yana sauka a wuri biyu, wanda memori ya taɓa mutu masa da hoton ɗaurin aure a ciki ya san darajar wannan. Wuraren da take saita hoto da su 61 ne a maimakon 9 na 700D, tana harba hoto bakwai a daƙiƙa a maimakon biyar, a hawan sallah in mahaya suka sako dawakai wajen jafi tana bin su ba ta saki, kuma jikinta ya fi jure ƙurar hunturu. Amma nauyinta kusan giram 900 ne kafin ka ɗora lensi, yinin biki guda wuyanka zai gaya maka. Kuma duk waɗannan abubuwa ne da za su iya jira sai aiki ya kawo kuɗinsu da kansa.

Yaran da suke zuwa wajena yanzu suna cewa yaya wace kamara zan koma, tambayar da nake fara yi musu ita ce wane hoto ne ka kasa ɗauka da wadda take hannunka, nuna min shi a waya. Mafi yawa in suka nuna, ko dai wuta ce babu, ko hannu ya girgiza, ko sun tsayar da amarya a ƙarƙashin farin kwan fitila. In kuma da gaske kamarar ce ta gaza, to ka yi hayar wadda kake so ka yi biki ɗaya da ita tukuna, akwai masu bayarwa a garin nan. Ka ɗauki jakarka gaba ɗaya ka je da ita, ka ɗaura kowane lensi da hannunka ka ji ya yi ƙas kafin ka tura ko sisi. Ka sa a duba maka adadin harbin shota, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ita 5D Mark IV dubu 150 aka ƙiyasta mata, ta mai biki kuwa ba ta hutawa. Ka rubuta kuɗin batir biyu da memori da abin kunna filashi da kwamfutar da za ta ɗauki aikin, ka haɗa su da kuɗin jikin, wannan jimillar ita ce farashin. Kuma kar ka sayar da tsohuwar, ko ba komai ranar da sabuwar ta tsaya ana tsakiyar kamu kana da ta biyu a jaka, ni yanzu ba ni da ita.

Ciwon kuma bai warke ba fa. Yanzu R6 Mark II ce take min yawo a kai, mai kama ƙwayar ido da kanta ko amarya na rawa, wani abokina ya ba ni tasa na riƙe a wata walima na ji daɗinta sosai. Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne da na gano cewa ita mara madubin, in ka sa mata adafta, lensin EF-S ma suna hawa, sai dai ta rage girman hoton. Wato 10-18 ɗina da na bayar a araha da yanzu yana da inda zai zauna. Na je Beirut neman irinsa kwanaki, kuɗin da aka faɗa min ya kusa ninka abin da aka ba ni a nawa, na juyo na hau adaidaita na dawo gida.