Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Wardin Cikin Gwangwani

A makon jiya mun tsaya inda aka kai ni ɗakin miji a Tudun Wadan Zariya, cikin 1984. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba za su manta shekarar ba: damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, rijiyoyi suka ja baya tun kafin bazara ta kankama.

Gidan haya ne, ɗaki ciki da falo, tsakar gida kuwa shafe da siminti har bakin rariya. Ni da na tashi a bayan ɗakin kakata, cikin zogale da lalle da ɗaɗɗoya, sai na ji kamar an sa ni a kwalba. Na roƙi Malam ya nemo mini izinin fasa ko da taku biyu ne a gefen katanga. Mai gidan ya ce atafau, ba a taɓa masa siminti.

To, an hana ni ƙasa, ba a hana ni tukunya ba. Na bi gida ina tsince-tsince: fasasshiyar randa, tsohon bokiti mai yoyo, kwanon sha da ya huje. Almajirinmu ya riƙa ɗebo mini baƙar ƙasa daga bakin Kubanni, ina cakuɗa ta da yashi da busasshen kashin awaki. Kuskurena na farko, na zuba wa alayyafo ɗanyen kashin kaji don zumuɗi. Kwana biyu ya ƙone ƙurmus. Tun daga nan ba na taɓa taki sai ya kwanta ya ruɓe.

Ruwa ne babbar rigima. Garwa muke saye, kuma ba zan iya kallon idon Malam in ce kuɗin cefane ya tafi ban ruwa ba. Sai na tuna dabarar kakata: na ajiye baho a wurin alwala, na haɗa da ruwan wankin shinkafa da na wake. Na sabulu kam ba na bari ya kusanci shuka. Da magariba nake bayarwa, lokacin da rana ba za ta shanye ba. Gara ta zo, na kewaye tukwanen da toka.

Ana haka yayata ta zo daga Jos da wani ɗan reshe a gwangwanin madara, duk ƙaya, ganye huɗu. Wardi ne. A can sanyin Filato yana yi ba wahala; a zafin Zariya kuwa sai da lallashi. Na ajiye shi inda hantsi kaɗai ke taɓa shi.

Surukata, Inna, ta zo daga ƙauye ta same ni durƙushe a kansa.

"Ke 'yar nan, wannan miyar me ake yi da shi?"

"Ba a ci, Inna. Na kallo ne."

Ta riƙe haɓa. "Ana neman na sha, ke kina shayar da ƙaya? Wannan ai aikin Turawan Jiyare ne."

Ban tanka ba, don ba a musu da suruka. Amma washegari da sassafe na kai mata tabarma kusa da kuɓewata, wadda ta buɗe fure ruwan ɗorawa mai jan ido a tsakiya. Ta ƙura masa ido, ta ce shekara nawa tana shuka kuɓewa, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba, kuma ga shi sak na auduga. Gaskiyarta, daga baya na karanta cewa kuɓewa da auduga da rama da yakuwa duk dangi ɗaya ne. Kafin la'asar furen ya yanƙwane, bayan kwana biyar muka tsinki 'ya'yan muka kaɗa miya.

Wardin ya fitar da toho ɗaya tal cikin hunturu. Kullum sai na leƙa shi kafin in ɗora ruwan koko. Saura ƙiris ya buɗe, aka bar ƙofar zaure a sake, akuyar maƙwabta ta shigo. Ko ƙayar ba ta hana ta ba. Na fito na tarar da kututture, na zauna a dokin ƙofa ina hawaye kamar an yi mini rasuwa, ina jin kunyar kaina kuma.

Inna ba ta ce uffan ba. Ta yafa mayafinta ta fita. Can sai ga ta da almajiri ɗauke da rassan magarya, ta zauna ta kewaye gwangwanin da hannunta, tana mita: "Abin da ba a ci ma sai an yi masa shinge." Ta yanke inda akuyar ta tauna da reza, ta ce in bar shi, zai tofo.

Mako uku bayan ta koma ƙauye, jajayen ganye biyu suka leƙo. A ranar ne kuma Malam ya dawo da takardar canjin wurin aiki zuwa Funtuwa. Yadda na yi da tukwane goma sha ɗaya da direban akori-kura, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.