Sana'ar Labaran Kimiyya: Daga Shago Zuwa Kasuwa da Taron Marubuta

Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, a wani ƙaramin gari na ƙasar Ringim, ba nisa da Gujungu. Kwamfuta biyu ce a ciki, sai injin fotokofi da firinta, da faifan sola a kan rufi, tunda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce a wajenmu. Ni da ƙanena muke riƙe da shi, da wani yaro mai koyon aiki. Abin da yake ɗora tukunya kullum shi ne katin biki, takardar jinginar gona, furojet ɗin ɗaliban kwalejin ilimi ta Gumel, da duba wa yara sakamakon jarrabawa. Amma ba don waɗannan na buɗe shagon ba. Ni marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ne da Hausa. Ni nake shirya littattafaina, ni nake kai su maɗaba'a, ni kuma nake ɗaukar su zuwa kasuwa da wajen taro.

Labaraina ba sa nisa da gida. Duk wanda ya tashi a nan ya san yadda kogin Haɗeja ya sauya hali tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani, yanzu sai ya kwanta a wuri guda, ciyawar kacala ta samu mazauni ta toshe hanyoyinsa. Mun ga ambaliyar 2022 da idonmu. Muna ganin rairayi yana matsowa ta wajen Maigatari, muna kuma ganin injin ban-ruwa mai sola yana ture mai shan fetur daga fadama. To waɗannan nake ɗauka in tura su gaba da shekara hamsin, in tambayi kaina wa zai mallaki ruwa a lokacin, wa zai yi noma, wa zai yi ƙwadago. Ɗaya daga cikin littattafaina labarin wata yarinya ne mai gyaran ƙananan jirage marasa matuƙi da ake korar tsuntsayen jan-baki da su daga gonakin shinkafa, har zuwa ranar da jiragen suka daina bin umarnin manoma, suka koma bin na kamfanin da ya ba da su haya. Ba ni na share wannan hanya ba. Tun 1969 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin da aka kai wani yaro sararin samaniya a cikinsa. Sai dai ba a bi bayansa sosai ba, labaran soyayya da na yaƙi da aljanu suka cika kasuwa.

Aikin littafi sai dare, bayan an sallami masu katin biki, batir kuma yana da sauran caji. Wanda bai taɓa kai aiki maɗaba'a ba ba zai san wahalar haruffa masu lanƙwasa ba. In kwamfutar mai ɗab'i ba ta da irin rubutun da ka yi amfani da shi, sai ka ga ƙ da ɗ da ɓ duk sun koma akwatuna. Shi ya sa ba na fita da aiki sai na mayar da shi PDF, na buga gwaji a firintata, ƙanena yana karantawa da ƙarfi ina bi da jan biro. Shafuka kuma dole su tashi a ninkin takwas ko sha shida, domin haka ake naɗe babbar takarda. In labari ya zarce da shafi biyu, ko dai ka rage shi, ko ka biya kuɗin filet, wato farantin ɗab'i, guda cur. Bango ma da nasa ja-in-jan, don masu zane a Kano hannunsu ya saba da fuskar budurwa da fure. Sai na zauna kusa da mai zanen, in nuna masa hoton fadama da na ɗauka da waya, in ce ga inda nake son jirgin ya tsaya. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, doka kuma ta ce mai buga littafi ya kai musu kwafi uku. Da yawa ba sa damuwa da wannan, ni kuwa ina yi, domin littafin da ba shi da lamba da wuya ɗakin karatun makaranta ya karɓe shi.

Takarda daga waje ake shigo da ita. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin rim ɗin takarda da kuɗin mota suka tashi tare. Yanzu kaɗan nake bugawa, a kan niyusfirin, wato takardar jarida, kuma sai bayan kaka, lokacin da aka sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi ya shiga hannun mutane.

Sayarwa ita ce babbar magana. A da marubuci yakan kai kaya wajen dillalan littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, su karɓa bashi, in an sayar ya zo ya karɓi nasa. Waya ta cinye wannan kasuwa, ragowar masu shagon kuma ba sa son ɓata kanta da littafin da ba su saba da irinsa ba. Ba na ganin laifinsu. Don haka nake kafa teburina ranar Lahadi a kasuwar Gujungu, kusa da masu cajin waya da tura finafinai, domin nan ne matasa suke tsayawa jira. Mu kuwa an rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma har yau bakina ba ya iya cewa littafina ya fi na wani. Abin da na gano shi ne ba sai na yaba ba. Ƙaramar lasifika nake kunnawa in karanta shafin farko, in tsaya daidai inda yarinyar ta ɗaga kai ta ga jiragen sun juya mata baya. Wanda labarin ya kama shi ne zai matso ya tambayi kuɗi. Wanda bai da ko sisi ma ya saurara, gobe shi ne zai ba wani labari a majalisa.

Wata Lahadi wani dattijon malami ya tsaya da buzunsa a kafaɗa har na kai ƙarshen shafin. Ya ɗauki littafin ya juya bayansa, sannan ya dube ni.

"Yaro, wa ya sanar da kai abin da zai faru bayan shekara hamsin? Ai gaibu na Allah ne."

Na russuna na ce, "Allah ya gafarta Malam, haka yake. Ba duba nake yi ba. Manomin da ya ga damina ta yi gardama ya ƙi sayar da geronsa ai ba boka ba ne, tunani ya yi a kan abin da ya gani. Ni ma abin da ke gabanmu na duba, na ce in aka ci gaba a haka ga inda za a iya kaiwa."

Ya yi shiru, ya ce in ƙara masa shafi ɗaya. Da na gama sai ya kwance bakin aljihu ya saya wa jikarsa. Tun daga ranar nake sa wannan bayani a gabatarwar kowane littafi, a layi uku, domin tambayar tana cikin zuciyar mutane da yawa da ba za su furta ba.

Mafi yawan masu karanta littafin Hausa mata ne, kuma ba a bakin teburina suke ba, suna cikin gida. Ta WhatsApp nake kai musu, babi-babi, rubutacce da kuma na murya wanda ƙanwata take karantawa, a biya ta taransifa ko ta mai POS. Wasu sukan tura wa ƙawayensu kyauta, wasu ma su ɗora a YouTube ba izini. Abin yana ci mini rai. Maganin da na samu shi ne a farkon kowane babi a faɗi sunan littafin da inda ake samun sa, don ko ina ya je ya tafi da adireshinsa. Da OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, ya rufe a ƙarshen 2023, marubutan da suka zuba duk kayansu a can sun ji a jikinsu. Ni lambobin masu karatuna a littafin rijista nake rubuta su da biro, ban bar su a hannun wata manhaja ba.

Sai maganar taro, wadda 'yan uwana 'yan kasuwa suke yawan tambayata a kanta. Suna ganin na rufe rabin aikin shago, na biya mota zuwa Kano ko Kaduna, na dawo da kusan duk littattafan da na tafi da su. Lissafinsu daidai ne. A taron marubuta ba a ciniki, don kowa da nasa littafin ya zo, musaya ake yi. Kasuwa daban, taro daban. Wanda ya je taro don ya mayar da kuɗin motarsa zai dawo da ɓacin rai. Ni koyo nake zuwa yi, kuma a asusun shago kuɗin taro layinsa ɗaya da kuɗin gyaran inji.

Wanda ya fi amfanata shi ne mafi ƙanƙanta, wato zaman karatu na wata-wata da reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA yake yi. Mutum ya karanta abin da ya rubuta, ya zauna, a yi masa fiɗa ba sani ba sabo. Wani ya kama raba kalma da haɗe ta, wata ta ce maganar da ka sa a bakin tsohuwa ba ta tsofaffi ba ce, wani kuma ya tambaya me ya sa tauraron ya aikata abin da ya aikata. A ƙauye ba ka samun wannan. Duk wanda ka ba shi ya karanta zai ce "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira," saboda kunya da zumunci. Ita uwar ƙungiyar, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana taron ƙasa duk shekara, a 'yan shekarun nan a ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa da ke Mpape a Abuja. Akwai kuma bikin littattafai da fasahar Hausa, HIBAF, wanda aka fara a Kaduna a 2021. A irin waɗannan manyan taruka, abin da ake faɗa a kan mumbari bai kai abin da ake samu a bakin ƙofa da wajen cin abinci ba. A nan ne za ka ji wace maɗaba'a ce take cika alkawari, wane gidan rediyo ne yake karanta littafi ba tare da ya nemi kuɗi mai yawa ba, wace gasa ce ta buɗe. A layin alwala na haɗu da wani injiniyan noman rani, muka yi ta hira har aka tayar da salla. Shi ya zana mini a bayan takardar gayyata yadda ruwan ƙarƙashin fadama yake sauka in rijiyoyin burtsatse sun yi yawa a wuri guda. Babi biyu na gina a kan wannan zane.

Akwai abin da ba na so a tarukanmu, kuma zan faɗa. Rabin yini yakan tafi a jiran manyan baƙi, da kirari, da raba lambar yabo, sannan a ce marubuta su taƙaita don lokaci ya ƙure. Haka bikin ƙaddamar da littafi: attajiri ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai tsoka, a yi tafi, wani lokaci alkawarin ma a bakin lasifika yake ƙarewa. Ko an biya, littafin bai samu mai karatu ba. Ni ban taɓa ƙaddamarwa ba. In aka ba ni minti biyar, ba na ɓata su a jero gaisuwa. In yi sallama, in faɗi sunana da garinmu, in karanta wurin da na riga na gwada a Gujungu na ga ya tsayar da mutane. Kusan kullum sai an samu mai tambaya ko labarin na yara ne. In ce masa ya karanta babin da manoman suka je neman a sake musu ruwa, sannan mu yi magana.

Ta waya nake bin yadda masu irin rubutuna suke yi a wasu ƙasashe. Babban taronsu, Worldcon, tun 1939 aka fara shi a birnin New York na Amurka, yana yawo daga gari zuwa gari. An yi shi a Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, an yi a Glasgow a 2024, har yau bai zo Afirka ba. Abin da ya fi burge ni shi ne masu karatu ne suke shirya shi, su ne kuma suke jefa ƙuri'ar kyautar Hugo ta fitattun labaran kimiyya, wadda Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, ta ci a 2016. A nan Afirka akwai kyautar Nommo ta irin waɗannan labarai tun 2017, akwai mujallar Omenana da 'yan Nijeriya suka kafa a intanet a 2014. Kuɗin jirgi da biza sun fi ƙarfin shago irin nawa, kuma harkar akasarinta da Turanci ake yi. Amma tsarin na ɗauka: mai karatu ya zauna a gaba, ya yi tambaya, ya yi hukunci.

Shi muke gwadawa yanzu a makarantun sakandaren da ke kewaye da mu. In nemi izinin shugaban makaranta, in je ranar da ƙungiyar Hausa ko ta kimiyya take zama, in karanta babi ɗaya. Malamin fizis ya tashi ya nuna musu a allo wane abu a labarin zai yiwu da ilimin da ake da shi yau, wane ne bai yiwu ba tukuna. Daga nan yara su rubuta nasu, shafi biyu-biyu. Waɗanda suka yi kyau ina buga su a shago kyauta, in ninke in sa sitefila, kowane yaro ya tafi gida da kwafi mai sunansa. Bana 'yan mata ne suka fi kawowa, kuma mafi yawan labaransu a kan ruwa ne da asibiti. Guda shida na ware zan haɗa su littafi ɗaya bayan kaka, in iyayensu sun amince, kuɗin da aka samu kuma a raba da yaran.