Wata goma sha huɗu da fara dada a Sakkwato

Ni dai gajiya ce ta kai ni ga dada, wato gashin da ake bari ya kama ya dunƙule igiya-igiya. Duk sati biyu tsifa, taje kai, zama gaban mai kitso tun hantsi har la'asar, ga gaban goshina ya fara cinyewa saboda jan shuku da rilaksar da nike sawa tun ina sakandare. Sai da na yanke duk inda rilaksa ta taɓa, na bari sabon gashi ya kai tsawon ɗan yatsa, sannan na tahi wani shago a Mabera.

Matar tac ce in zaɓa, ko a naɗe da ƙaramin kum, ko a raba kowace tsaga gida biyu a murɗe, ko a saƙe da allurar kwarashi ya kama ranar. Na ɗauki murɗin gida biyu don ba shi saurin warwarewa in ruwa ya taɓa shi. Don Allah ki tsaya ki duba girman tsagar kafin a fara, faɗinta shi ne kaurin dadanki har gaba, gyara daga baya wahala ce.

Da Inna ta gani sai tac ce "ke ɗiyata wanga mi ne, to wankan tsarki fa?" Wallahi ni ma abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta kawo min hadisin Ummu Salama da ke cikin Muslim, inda ta tambayi Annabi SAW ko sai ta kwance kitsonta don wankan janaba yac ce a'a, ta kwara ruwa sau 3 a kanta. Malama tac ce in dai tabbatar ruwa ya kai fatar kai, kuma kar in yarda a ƙara min gashin kanti. Hankalin Inna ya kwanta.

Ɓarnar farko a hunturu na yi ta. Kai ya bushe yana ƙaiƙayi, sai na dinga lafta man kaɗe kamar yadda munka saba da kitso, ashe dada ba ya sakin abin da ya sha, man ya daskare a ciki ƙura ta bi shi ta manne, ranar da na matsa guda ɗaya tsakanin yatsuna wani farin abu ya hito kamar danƙo. Na jiƙa kan cikin ruwan ɗumi da ruwan kal har sau biyu kafin ya yi sauƙi. Yanzu ruwa nike fesawa da kwalbar feshi, ɗan man zaitun kuma a fatar kai kawai.

Sai maganar bushewa, wadda ta fi shafarmu mu masu rufe kai. Na taɓa wankewa da yamma na sa hula na ɗora hijabi, kwana biyu kan yana warin rima. Ko a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 wajen ne ke bushewa da wuri, cikin yana nan da ruwa. Da safe nike wankewa yanzu, in matse da tsohuwar riga mara gashi-gashi, in zauna tsakar gida, ba ni rufewa sai na matsa na ji ba danshi.

Wata na huɗu zuwa na shida na kusa kwancewa. Kowane ya kumbura a tsakiya, gashi ya tashi buzu-buzu, tsawon ma ya ragu, ashe kamawar kenan. Don ya yi kyau na riƙa murɗa gindin duk sati, har guda biyu na gefen kunne sunka sirance kamar za su tsinke, dole anka haɗe su wuri ɗaya. Tun daga nan sai bayan sati 6 ake taɓa min gindin, da dare in ɗaure da hular siliki. Gaban goshin ya fara cikowa, jiya ma Inna ta sa hannu ta shafa wurin.