Ɗakin mai takaba

Yau Alhamis, saura kwana 2 wasan kwaikwayonmu, ni ne mai shirya dandamali. Tun ƙarfe 7 ina zauren, ko karyawa ban yi ba sai shayin da na kurɓa a tsaye.

Fitowa ta uku ce ta hana ni barci, ɗakin matar da mijinta ya rasu tana zaman takaba, wata 4 da kwana 10 ba ado ba yawo. Jiya na cika ɗakin nan taf, gado mai rumfa, jeren kwalla da samira, labule mai fulawa duk na aro. Darakta ya zo ya harɗe hannu ya daɗe yana kallo sannan ya ce "Malam, ai ɗakin amarya ka haɗa mana." Wlh raina ya sosu amma gaskiyarsa.

To yau kwashewa muka wuni yi. Ni da Baba kafinta muka fidda gadon, aka bar tabarma ɗaya da buta da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Bangon falanki ne muka lulluɓe da buhun algarara, na kwaɓa jar ƙasa da gam na shafe, daga nesa ka rantse ginin ƙasa ne. A labarin matar ta sayar da kwanukanta wajen jinyar mijin, sai na ɗauki gindin samira ina dangwalawa a bango ina zagayewa da fenti mai ɗan haske, kamar shatar inda jeren yake da can. Baba ya ce "yaro, wa zai lura da wannan?" na ce ko mutum uku suka lura ya ishe ni, kuma mata ne za su fara gani.

Da la'asar muka gwada fitila, nan na kwashi kunya. Mai fitila ya sa leda shuɗiya don a nuna dare, jan bangon kawai ya koma baƙi ƙirin, shatar nan da na ɓata awa 2 a kai ta ɓace. Na manta ja ba ya shiri da shuɗin haske. Muka cire, muka aje ƙwan lantarki ɗaya mai ruwan ɗorawa can ƙasa a gefe, da Anti, wadda ke fitowa a mai takabar, ta zauna kan tabarma sai inuwarta ta haye bango ta fi ta girma sau biyu, ita kuma ta koma ƴar mitsitsiya. Abin ya tuna min wani wasa da na gani a Drama Village na ABU a Samaru, filin ginin ƙasa a buɗe ba rufi, da dare ya yi bangon da kansa ke rabin aikin.

Na kawo kasko zan sa turaren wuta don hayaƙi ya ɗan ratsa hasken, Anti ta ce "kai ɗan nan, mai takaba da ƙamshi?" Na mayar da abina jaka shiru.

Wajen magariba wuta ta ɗauke ana tsakar gwaji, kafin a tada janareta wani ya kunna fitilar ƙwai ya aje gaban Anti, ta ci gaba da maganarta a haka, har masu surutun baya suka yi tsit. Darakta yanzu ya nace fitilar ƙwan nan yake so ranar Asabar. Algarara kuwa da wuta sai a hankali, gobe da safe zan nemo bokitin yashi 2 da sabon lagwani.